Jerin Takardun Baya-bayan Nan a Word: Tambayoyi da Amsoshi kan Gyaransa

Duk wanda ya daɗe a sana'ar buga takardu ya saba da wannan: mutum ya shigo shago a gigice, laftof a hammata, yana cewa aikinsa ya ɓace. In ka tambaye shi inda ya ajiye, sai ya ce, "Ai a cikin Word na ajiye, kullum in na buɗe yana nan a sama." Abin da yake nufi shi ne jerin sunayen takardun da Word ke nunawa da zarar an buɗe shi, wanda aka rubuta wa Recent. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan jeri, daga ɗalibai masu rubuta furojet, da sakatarorin ofis, da 'yan uwana masu shagon kwamfuta. Galibin bayanin na Microsoft Word ne a kan Windows, amma akwai na LibreOffice, wata manhajar buga takardu irin Word, can ƙasa. Sunayen maɓallai na bar su yadda suke a fuskar kwamfuta domin ka gane su in ka gani.

Malam, wai a cikin wannan jerin takarduna suke zaune?

A'a. In ka riƙe wannan amsar kaɗai, rabin matsalarka ta warware. Word ba ya ajiye takarda a cikinsa. Takardarka fayil ce da ke zaune a wata folda, ko a cikin kwamfutar, ko a filash, ko a OneDrive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet. Abin da jerin ke riƙewa kwatance ne kawai: harafin faifai, sunan folda, sunan fayil, lokacin da aka buɗe shi na ƙarshe, da alamar ko an kafe shi ko ba a kafe ba. Misali, E:\Furojet\Babi na biyu.docx.

Ka ɗauka wani ya rubuta maka kwatancen gidansa a 'yar takarda: layi na uku bayan masallaci, gida mai jan ƙyaure. In ya tashi daga unguwar, kwatancen na nan a aljihunka amma ba za ka same shi ba. In kuma kai ne ka yar da 'yar takardar, gidan bai rushe ba. Haka jerin yake. Suna zai iya zama a cikinsa alhali fayil ɗin ya daɗe da barin wurin, kuma jerin zai iya gogewa tas alhali takardunka duk suna nan lafiya lau.

Na danna sunan takardar sai ya rubuto mini "Sorry, we couldn't find your file. Was it moved, renamed, or deleted?" Shi ke nan ta tafi?

Kada hankalinka ya tashi tukuna. Word na gaya maka ne ya bi kwatancen bai tarar da kowa ba. Fara da duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin sunan a cikin jerin, nan ne ake nuna foldar da takardar take a da. In bai fito duka ba, danna sunan da ɓangaren dama na maus, ka zaɓi Copy path to clipboard, ka manna a wata sabuwar takarda ka karanta cikakken kwatancen.

In ya fara da C:, a cikin kwamfutar take. Mai yiwuwa ka canza wa fayil ɗin suna, ko ka canza sunan foldar da yake ciki, ko ka ja shi da maus zuwa wata folda ba ka lura ba. Ko harafi ɗaya ka sauya a sunan folda, duk takardun da ke cikinta sun yanke daga jerin. Buɗe File Explorer, ka shiga This PC, ka rubuta wani yanki na sunan a akwatin nema. In ka manta sunan, rubuta *.docx, ka jera sakamakon bisa Date modified, sababbi a sama. Tsofaffin takardu na kafin Word 2007 da .doc suke ƙarewa, ba .docx ba. Ka kuma leƙa Recycle Bin.

In kuwa kwatancen ya fara da E: ko F: ko G:, to kusan ko da yaushe maganar filash ce, kuma ita ce ta fi yawa a shagonmu. Windows ba ya ba filash harafi na dindindin, wanda ya samu a sake shi yake bayarwa. Jiya filash ɗinka shi ne E:, yau an riga an jona wani kafin naka, sai naka ya zama F:. Word na can yana neman E:. Ka buɗe takardar kai tsaye daga filash ɗin sau ɗaya, sabon kwatance zai shiga jerin.

Wanda ke aiki da filash ɗaya kullum a kwamfuta ɗaya zai iya kashe wannan matsalar gaba ɗaya. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta diskmgmt.msc, ka danna filash ɗin da dama, ka zaɓi Change Drive Letter and Paths, ka ba shi harafi na can nesa kamar M ko S wanda wani ba zai riga shi ɗauka ba. A wannan kwamfutar kaɗai zai riƙe harafin.

Filash ɗin na jone, harafin ma daidai ne, amma duk da haka bai ga fayil ɗin ba. Da na buɗe filash ɗin kuma sai na ga foldodina sun koma masu 'yar kibiya.

Wannan ƙwayar cutar kwamfuta ce da ke yawo daga filash zuwa filash, kuma duk mai shagon buga takardu ya san ta. Tana ɓoye ainihin fayilolinka, wani lokaci ta tura su cikin wata ɓoyayyiyar folda, sannan ta ajiye na bogi masu kibiya a gurbinsu. Kada ka danna masu kibiyar, dannawar ce ke ƙara yaɗa ta. Kuma don Allah kada ka yi wa filash ɗin fomat cikin fushi, aikinka na nan a ciki.

Fara tace filash ɗin da manhajar kashe ƙwayoyin cuta. Sannan ka buɗe Command Prompt, tagar Windows da ake rubuta umarni a ciki, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sa harafin filash ɗinka a madadin E. Wannan umarni yana cire alamar ɓoyewa daga fayiloli. In ka ga wata folda marar suna ta bayyana, shiga ciki, galibi nan kayanka suke. Kwashe su ka kai wuri mai aminci kafin ka yi wa filash ɗin fomat.

Malamina ya turo mini babin da ya gyara ta imel. Na buɗe, na yi awa uku ina aiki, ina danna Save. Washegari sunan na cikin jerin amma ba ya buɗuwa.

Ƙanwata, wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai, domin a nan ne aiki ke ɓacewa da gaske. Idan kika buɗe takarda kai tsaye daga cikin saƙo, ko daga cikin fayil ɗin zip ba tare da kin fitar da ita ba, kwamfuta kan yi kwafi na wucin gadi a wata ɓoyayyiyar folda ta buɗe miki shi. Duk Save ɗin da kike dannawa, wancan kwafin kike adanawa, kuma wuri ne da ake sharewa.

Ki yi sauri ki duba kafin a share. Ki kwafo kwatancen daga jerin yadda na faɗa a sama, ki ga foldar da yake nunawa. Ki duba Downloads da farko, domin in daga burauza kika buɗe, galibi can take, wani lokaci da lamba a ƙarshen sunan. Sannan ki danna Windows da R, ki rubuta %temp%, ki jera abin da ke ciki bisa kwanan wata. Kada ki kunna wata manhajar share shara kafin ki gama nema.

Daga yau kuma, duk takardar da ta zo miki ta saƙo, da zarar kin danna Enable Editing ki danna F12, ki ajiye ta a foldarki da sunan da kika zaɓa, sannan ki fara taɓa ko da waƙafi ɗaya.

Jerin nawa ya wayi gari babu komai a ciki.

Duba adadin da aka sa masa. Shiga File, sannan Options, sannan Advanced, ka gangara zuwa sashen Display. Za ka ga Show this number of Recent Documents da akwatin lamba a gabansa. Yana karɓar daga 0 zuwa 50. In ka tarar da 0, ga dalilin nan. Mayar da shi 25 ko 50 ka danna OK. Sai dai kada ka sa rai tsofaffin sunayen su dawo, jerin zai fara taruwa ne daga takardar da za ka buɗe nan gaba.

A Word 2007 babu File, sai ka danna zagayayyen maɓallin Office da ke kusurwar hagu ta sama, ka shiga Word Options. A Word 2003 kuwa, Tools ne, sannan Options, sannan General, kuma iyakarsa sunaye 9.

In adadin daidai yake, tambayi kanka ko da sunanka ka shiga Windows yau. Kowane mai amfani da kwamfuta da nasa jerin. Haka in ka fita daga asusunka na Microsoft a cikin Word, ko ka shiga da wani asusun, jerin da za ka gani daban ne. Akwai kuma lokacin da Windows ke kasa buɗe bayananka ya shigar da kai da na wucin gadi, ya nuna saƙo mai cewa temporary profile. Alamarsa ita ce har hoton fuskar kwamfutar da abubuwan da ke kan Desktop sun canza. In haka ne, kada ka ajiye komai a lokacin, kashe ka sake kunnawa.

Kullum in na kashe kwamfuta na kunna sai jerin ya goge.

Wani abu ne ke share shi da gangan. Manhajojin tsabtace kwamfuta irin su CCleaner suna da wurin da ake yi wa alama domin goge tarihin Office, shiga saitin ka cire alamar. A shagunan intanet da ɗakunan kwamfuta na makarantu kuma akan sa manhaja irin Deep Freeze, mai mayar da kwamfuta yadda take duk lokacin da aka sake kunna ta. A irin wannan kwamfutar ba jerin kaɗai ke tafiya ba, har takardar da ka ajiye a Desktop. Ka tambayi mai wurin kafin ka fara aiki.

Na je wurin sa adadin, amma akwatin ya yi fari-fari, ba ya karɓar komai.

An kulle shi daga Windows ne. In kwamfutar ofis ce, mai kula da kwamfutocin ne ya sa dokar, kuma wataƙila da dalili. Shi za ka yi wa magana, kada ka nemi zagaye shi.

In taka ce, danna Windows da R ka rubuta gpedit.msc. Bi User Configuration, Administrative Templates, Start Menu and Taskbar, ka nemo Do not keep history of recently opened documents. In tana kan Enabled, mayar da ita Not Configured. Windows na Home ba shi da wannan taga, sai ta cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa, wadda ake buɗewa da danna Windows da R a rubuta regedit: a HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\Explorer, in akwai NoRecentDocsHistory mai lamba 1, mayar da ita 0, sannan ka sake kunna kwamfutar. Karanta gargaɗin da na yi a kan rajista a ƙasa kafin ka shiga.

Yaya zan cire suna ɗaya, ko in share jerin duka?

Shiga File, sannan Open, sannan Recent. Danna sunan da dama ka zaɓi Remove from list. Domin share duka, zaɓi Clear unpinned items, a wasu tsofaffin Word an rubuta Clear unpinned Documents. Waɗanda ka kafe za su tsaya. Babu ɗaya daga cikin biyun da ke taɓa fayil ɗin kansa. Amma ka karanta kafin ka danna: in ka ga zaɓi mai kalmar Delete a wurin, wannan takardar ce da kanta zai goge.

Na buga wata takarda ta sirri a shagon kwamfuta. In na share sunan daga Word ya wadatar?

Bai wadatar ba, kuma ina so abokan sana'ata su karanta wannan amsar fiye da kowa.

Wata rana wata baiwar Allah ta zo aka buga mata wasiƙa a kan wata rigimar gado da ke tsakaninta da danginta. Yaron da ya buga ya sa wa fayil ɗin cikakken sunanta da abin da wasiƙar ta ƙunsa. Ta karɓi takardarta ta tafi, ya goge fayil ɗin kamar yadda muka saba. Da yamma wani ya zo zai gyara takardar neman aiki, ya zauna kusa da allon, aka buɗe Word, sai ga sunanta da maganar gadon a layin farko, manya-manya. Na ga idonsa ya tsaya a kai. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, amma a unguwa ɗaya suke. Tun daga ranar na sa doka a shagon: ba a sa sunan mutum a sunan fayil, kuma adadin jerin a kwamfutocin da jama'a ke zama kusa da su 0 ne. Wanda ya kawo maka takardar asibiti ko ta kotu ko ta saki, amana ya ba ka, kuma sunan fayil kaɗai ya isa ya tona asiri.

Wuraren da sunan ke maƙalewa sun fi ɗaya. Akwai jerin Word da muka yi magana. Akwai na Windows, wanda ke fitowa in ka danna alamar Word da dama a sandar ƙasan allo, abin da ya zo tun Windows 7 a 2009, da kuma wanda ke bayyana a farkon File Explorer. Waɗannan ana kashe su ne daga Settings, Personalization, Start, a maɓallin da ke maganar nuna abubuwan da aka buɗe kwanan nan. In ka kashe shi ka sake kunnawa, abin da ya taru zai goge. Sannan danna Windows da R ka rubuta shell:recent, za ka ga tarin gajerun hanyoyi zuwa duk abin da aka buɗe, share su ba ya cutar da komai. Office ma na da irin wannan folda a %appdata%\Microsoft\Office\Recent.

Bayan duk wannan, ka tabbata an goge fayil ɗin kansa, an kuma zubar da Recycle Bin a gabanka.

Takardun da na buɗe a gida suna fitowa a Word na ofis. Na cire, sun dawo.

Tun daga Office 2013, in ka shiga Word da asusun Microsoft, jerin takardun da ke OneDrive yana bin asusun duk inda ka shiga da shi, har a waya. Abu ne mai amfani ga mai kwamfuta biyu, amma ba a kwamfutar da ba taka ba. Shiga File, Account, ka danna Sign out. In ka taɓa shiga da asusunka a shago ko a laftof ɗin aro ka manta ba ka fita ba, canza kalmar sirrinka yau.

Akwai takardu uku da nake buɗewa kullum, amma sababbi na tura su ƙasa har su fita.

Kafe su. Kai maus kan sunan, 'yar alamar fil za ta fito a gefen dama, danna ta. Takardar za ta koma sashen Pinned ta zauna. Foldodi ma ana kafe su haka. Kafewa dai ba ta hana kwatance mutuwa in ka matsar da fayil ɗin.

Jerin ya daskare. Sababbin takardu ba sa shiga, tsofaffi sun ƙi fita.

Bi daga mai sauƙi. Rufe Word, ka riƙe Ctrl yayin da kake buɗe shi, ka amsa Yes, zai tashi ba tare da ƙarin manhajojin da aka liƙa masa ba. In jerin ya yi aiki a haka, ɗaya daga cikinsu ce mai laifi, sai ka shiga Options, Add-ins, ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya. In bai yi ba, je Control Panel, Programs and Features, ka zaɓi Office, ka danna Change, ka yi Quick Repair. Wannan ba ya cin data. Online Repair kuwa yana sake sauko da Office ne daga intanet, ka tanadi data mai yawa.

In duk ba su yi ba, saura rajista, inda ainihin jerin yake a rubuce. Gargaɗina: rajista ba wurin gwaji ba ce, goge abin da ba shi ba zai iya hana wata manhaja tashi. In hannunka bai saba ba, kira wanda ya saba. Rufe Word, ka buɗe regedit, ka bi HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Office, sai lambar Office ɗinka, sai Word. Lambar 12.0 ta Office 2007 ce, 14.0 ta 2010, 15.0 ta 2013, 16.0 kuma ta 2016 da 2019 da 2021 da Microsoft 365 baki ɗaya. A ciki za ka ga File MRU, jerin takardu ke nan, da Place MRU na foldodi. In kana shiga da asusu, naka suna ƙarƙashin User MRU, cikin wata folda mai dogon suna.

Kafin komai, danna File MRU da dama ka zaɓi Export, ka ajiye kwafi. Sannan ka goge layukan da ke gefen dama masu suna Item 1, Item 2 da sauransu. In ka buɗe Word zai fara sabon jeri. In wani abu ya rikice, danna kwafin da ka ajiye sau biyu, komai zai koma yadda yake.

Ina cikin rubutu aka ɗauke wuta, ban taɓa yin Save ba. Takardar ba ta cikin jerin.

Ba za ta shiga ba, tunda ba ta da suna ko mazauni tukuna. Amma Word kan ɗauki kwafin ceto duk bayan minti 10 in ba a canza saitin ba. Sau da yawa da ka sake buɗe shi zai nuna maka Document Recovery a gefen hagu. In bai nuna ba, shiga File, Open, ka duba ƙasan jerin, akwai Recover Unsaved Documents. Fayilolin da ke wurin da .asd suke ƙarewa, kuma kwanaki kaɗan suke yi kafin a share su, saboda haka buɗe ka yi Save As nan take.

Mai aiki da kwamfutar tebur ba tare da batirin ajiyar wuta ba, minti 10 ya yi masa yawa. Shiga Options, Save, ka mayar da Save AutoRecover information every zuwa minti 2 ko 3, ka tabbata akwatin da ke ƙasansa, mai maganar riƙe kwafin ƙarshe in an rufe ba a adana ba, yana da alama.

Ni LibreOffice Writer nake amfani da shi.

Ƙa'idar ɗaya ce, kwatance kawai yake riƙewa. Sharewa: File, Recent Documents, Clear List. Domin cire takarda ɗaya, je Start Center, wato fuskar farko ta LibreOffice inda ake nuna hotunan takardu, ka kai maus kan wadda kake so, ka danna alamar cirewa da za ta fito a kusurwarta. Canza adadi ya ɗan ɓuya: Tools, Options, Advanced, Open Expert Configuration, ka nemo PickListSize, wanda ke zuwa a kan 25. Jerin kansa yana cikin fayil mai suna registrymodifications.xcu a %appdata%\LibreOffice\4\user, tare da sauran saitunanka. In wutar ta ɗauke yana tsakar rubuta wannan fayil, zai iya lalacewa. Kafin ka goge shi, gwada Help, Restart in Safe Mode, akwai zaɓin mayar da saitin baya a wurin.

An sake sa mini Windows. Zan iya dawo da tsohon jerina?

In takardunka a OneDrive suke, shiga da asusunka, sunayensu za su bayyana. In a cikin kwamfutar suke, jerin ya tafi da tsohuwar rajista. Abin nema yanzu shi ne fayilolin. Duba ko akwai folda mai suna Windows.old a C:, ka shiga Users, ka nemo sunanka, ka kwashe Documents da Desktop da Downloads da wuri, domin Windows na share wannan foldar da kansa bayan ɗan lokaci. In babu ita, koma wurin mai gyaran ka tambaye shi inda ya kwafe kayanka kafin ya yi fomat, kuma kada ka ɗora sababbin abubuwa a kan faifan sai ka ji amsarsa.